Babi na Bakwai: Sauro Ya Fi Zaki Ɗaukar Ma'aikata

Idan aka ce wa dattijo ɗansa yana karanta ilimin dabbobi a jami'a, tambaya biyu yake yi. Ta farko: "Likitan dabbobi ke nan?" In aka ce a'a, sai ya ɗan yi jim, ya ce: "To, a gidan zu zai yi aiki?" Ita ma amsarta galibi a'a ce. Daga nan hira ta mutu. Uba ya tashi da damuwarsa, ɗa ya koma makaranta da tasa, don shi ma bai san inda digirin zai kai shi ba.

Da yawa daga cikin masu zama a ajin zuloji ba su suka zaɓe shi ba. Likitanci suka cike a fom ɗin JAMB, ko haɗa magunguna, maki bai kai ba, jami'a ta tura su inda take da gurbi. Wasu sukan shekara biyu suna neman canjin sashe, wasu su sake zana jarrabawa a ɓoye. Kafin su saki jiki su karɓi karatun, an kai aji uku. Wannan jinkirin ya fi rashin gurbin aiki cutar da su, domin shekarun da ya kamata a ce hannu ya faɗa a kan wani abu sun tafi a zaman jiran tsammani.

Gidan zu kuwa, bari mu sallame shi tun da wuri. Gidan zu na Audu Bako a Kano, da na Jos, da na Maiduguri, da 'yan tsirarun da suka rage, duk in aka haɗa ma'aikatansu masu digiri ba za su cinye ɗaliban da jami'o'inmu ke yayewa a shekara guda ba. Aikin mai wannan ilimi a ƙasar nan, tun asali, yana wurin halittun da ba a biyan kuɗin ƙofa don a kalle su: sauro, ƙuda, kaska, ɓera, dodon koɗi, tsutsar ciki da ta gona, sai kifi.

Tarihi ma haka ya nuna. A shekarun 1930 ciwon barci ya yi wa ƙasar Zazzau mummunan kamu. Likitocin Turawa suna bi gari-gari suna taɓa wuyan mutane suna neman kaluluwa, suna yin allura, amma da an juya baya cutar ta dawo. Wani masanin ƙwari mai suna T. A. M. Nash, wanda ya yi shekaru a Gadau yana nazarin ƙudan tsando, yana cikin waɗanda suka gane lagon abin. Tsandon da ke ɗauko cutar ba ya jure zafi da bushewar rani, sai ya tattare a inuwar kurmin bakin rafi, daidai inda mata ke ɗiban ruwa, makiyaya ke shayar da shanu. In aka sassabe wannan duhuwar, ƙudan ya rasa mafaka. A kan wannan aka gina shirin Anchau: aka share bakin rafuka a wani dogon zirin ƙasa, aka haƙa rijiyoyi, aka tayar da dubban mutane daga ƙauyukansu, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Ba a yi shawara da talaka ba, kuma da guminsa aka yi saran, irin na mulkin wancan zamani. Amma abin lura ga ɗalibi shi ne, wanda ya karya lagon annobar mutum ne da ya san inda ƙuda ke kwana da rana tsaka a watan Maris. Cibiyar binciken sammore da ciwon barci da ke Kaduna, wadda yanzu ake kira NITR, daga irin wannan aiki ta samo tushe, kuma har gobe masana ƙwari da masana tsutsotsin jiki take ɗauka.

Kurkunu ma haka aka yi da shi. Ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar da ke kashe shi. A binciken 1988 an ƙirga masu ɗauke da shi sama da 650,000 a Nijeriya, ƙasar da ta fi kowace yawansu a lokacin. Abin da aka riƙe shi ne sanin zagayen rayuwarsa: mai ciwo ya tsoma ƙafa a kududdufi, tsutsa ta zubar da 'ya'yanta, wasu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa su haɗiye su, mutum ya sha ruwan, bayan kamar shekara guda ƙafa ta ɗuri ruwa. Sai aka raba ƙyallen tace ruwa, aka zuba magani a tafkuna, aka hana mai ciwo shiga ruwa, Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon suka yi ta zagaya ƙauyuka. An ga mai kurkunu na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasar shaidar rabuwa da shi a 2013. Zanen zagayen rayuwar da malami ke sa ka haddace a aji biyu, wanda kake ganin wahalar banza ce, shi ne dukkan dabarar yaƙin.

A yau babbar kasuwar wannan fanni tana wurin zazzaɓin cizon sauro. Nijeriya ita kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya. Ana raba gidan sauro mai magani miliyoyi, amma sauron yana saba wa maganin, kuma dole wani ya auna ya faɗa kafin a kashe biliyoyi a sayo wanda ba ya kisa. Ga yadda aikin yake. Za ka bi kududdufai da fadamun shinkafa da ludayi kana kwasar 'ya'yan sauro, ka raine su a ɗakin gwaji har su fashe. Ka ware matan masu kwana biyu zuwa biyar, ka zuba su cikin bututun da aka liƙa wa takarda mai magani na awa guda, ka mayar da su bututu mai tsabta, ka ƙirga matattu bayan awa 24. In waɗanda suka mutu ba su kai kashi 90 cikin 100 ba, sauron yankin ya gagari wannan magani. Akwai kuma sammakon asuba: a shiga ɗakin da aka kwana, a shimfiɗa farin ƙyalle, a fesa magani, a tsince abin da ya faɗo da ɗan hantsaki, a tantance jinsi a ƙarƙashin madubin likita, a feɗe don a ga ko yana ɗauke da ƙwayar cutar. Aiki ne na haƙuri da ido, kuma masu iya shi da kyau ba su da yawa. A 2020 irin wannan sa ido ne ya gano wani baƙon sauro ɗan asalin Asiya, Anopheles stephensi, a Jihar Gombe. Shi wannan a tankin ruwa da randar cikin birni yake hayayyafa, rani bai dame shi ba. In ya zauna da gindinsa a Kano ko Kaduna, lissafin da aka saba na cewa zazzaɓi ciwon damina ne zai rushe.

Kusa da wannan akwai cututtukan da duniya ta daɗe da yin watsi da su. Tsargiya tana bin dodon koɗi, shi kuma yana bin madatsun ruwa da magudanan noman rani irin na Kadawa da Bakolori, don haka ana neman mai iya bambance koɗin da ke ɗauke da cutar da wanda ba ruwansa, da mai iya tace fitsarin 'yan makaranta ya ƙirga ƙwai. Makantar bakin kogi wani ɗan baƙin ƙuda ke yaɗa ta, mai hayayyafa a ruwa mai gudu. Ana raba ƙwayar Mectizan kyauta tun 1987, amma ba a dakatar da rabon a wani yanki sai an kama dubban ƙudaje an gwada an tabbatar babu sauran tsutsa a jikinsu. Da irin wannan shaida Filato da Nasarawa suka daina rabon, kuma a Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da cutar. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ɓera ne ma'ajinsa. Ko saran maciji yana da nasa gurbin: maganin EchiTAb da ake yi wa mutane a asibitin Kaltungo, da dafin kububuwar ƙasar nan aka haɗa shi, sai da aka sami masu kamo macizan da rai aka kai Liverpool aka tatsa.

Sai dai fa a san wani abu. Kaso mai tsoka na waɗannan ayyuka da kuɗin tallafin waje ake yin su, a kan kwantiragin shekara ɗaya ko biyu. Da gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID a 2025, mutane da dama masu ƙwarewa sun wayi gari babu albashi. Wanda zai shiga nan ya shiga da sanin cewa aiki yana ƙarewa, ƙwarewa ce kawai ake tafiya da ita zuwa na gaba.

Yanzu ga katangun da ba a gaya wa ɗalibi sai ya yi karo da su. Digirin zuloji ba ya zuwa da lasisi. Ba za ka buɗe asibitin dabbobi ba, wannan na wanda ya karanta likitancin dabbobi ne kuma majalisar likitocin dabbobi ta yi masa rajista. Ba za ka zauna a ɗakin gwajin asibiti kana sa hannu a sakamakon jinin majiyyaci ba, ko da ka fi mai kujerar iya gane ƙwayar zazzaɓi, domin majalisar masu gwajin asibiti, MLSCN, tana da waɗanda take ba izini, kuma ba kai ba ne. Dubagari ma suna da tasu majalisar. Koyarwa kanta tana neman rajistar majalisar malamai, TRCN, wadda mai wannan digiri ba ya samu sai da difilomar koyarwa ta bayan digiri, irin wadda jami'o'i da cibiyar NTI ta Kaduna ke bayarwa. Na ga masu ɓata shekaru suna fakewa a ƙananan ɗakunan gwaji na unguwa da albashin da bai kai na mai gadi ba, kullum cikin fargabar masu bincike. Wanda zuciyarsa ke kan asibiti har yanzu, gara ya nemi shiga kai tsaye a aji biyu ya yi karatun da ke da lasisi tun ƙuruciya na nan. Babu abin kunya a ciki. Abin da ba shi da amfani shi ne tsayuwa a bakin ƙofar da doka ta kulle.

Gona ita ce kasuwa ta biyu, kuma a ganina ita ce aka fi rainawa alhali ta fi ɗorewa, domin manomi da kuɗinsa yake biya. A 2016 wata 'yar tsutsa, Tuta absoluta, ta cinye tumatirin Kano da Kaduna da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin Ɗangote da ke Kadawa ya tsaya cak. Manoma sun yi ta feshi ba ji ba gani, tsutsar kuwa tana cikin naman ganye inda magani ba ya isa gare ta. A shekarar dai tsutsar masara 'yar Amurka ta ɓullo. Shekara guda kafin nan, Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan fiya-fiyar da 'yan kasuwa ke zubawa don gudun ƙwari. Alhali maganin ƙwaron wake yana nan ba tare da guba ba: buhun PICS mai ruɓi uku, wanda in aka ɗaure shi tam iska ta ƙare, ƙwaron ya mutu da kansa. Cibiyar IAR ta Samaru ta fitar da wake SAMPEA 20-T a 2019, mai jure tsutsar da ke huda furensa da kwansonsa. Duk waɗannan suna neman mutumin da zai tsaya tsakanin ɗakin bincike da manomi: a cibiyoyi irin IAR da NAPRI ta Shika da NSPRI mai kula da adana amfanin gona, a kamfanonin iri da na maganin feshi, a hukumar NAQS mai duba abin da ke shiga da fita ta iyakoki, a rumbunan manyan 'yan hatsi na Dawanau. Ko feshin gara da kyankyasai da kuɗin cizo a otal da ɗakunan kwanan ɗalibai sana'a ce mai rufin asiri, in an yi ta da ilimi da rajista. Yawancin masu yin ta yanzu ba su san bambancin maganin da ke kashe ƙwaro da wanda ke kashe mai ɗakin ba.

Sai kifi. Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen kiwon tarwaɗa, kuma duk da haka ba ta samar da abin da ya ishe ta, sai an shigo da daskararre. Kowa yana ruguwa ya gina tanki ya yi kiwo, sai abinci ya cinye fiye da rabin jarinsa ya fito da hawaye. Inda mai zuloji ya fi kowa dama shi ne ƙyanƙyasa. A zaɓi uwa mai cikakken ƙwai, a yi mata allurar da ke nunar da shi, bayan kamar rabin yini a tatse. Namiji kuwa sai an yanka shi a ciro maniyyin, don ba ya tatsuwa. A gauraya, a baza a kan raga cikin ruwa mai tafiya a hankali, kafin kwana ɗaya da 'yan awoyi sun fashe. Wannan kowa zai iya koya a mako guda. Gwanintar tana cikin makonni biyun da ke biye, lokacin da 'ya'yan ke mutuwa dubu-dubu saboda dattin ruwa, ko sanyin hunturu, ko manyan cikinsu sun cinye ƙanana. Mai iya raya su a watan Janairu a Kano ko Zariya, sa'ad da sauran masu ƙyanƙyasa suka rufe, shi ke yanka wa kasuwa farashi. Cibiyar NIFFR da ke New Bussa, wadda ta samo asali daga binciken tafkin Kainji a 1968, tana koyar da wannan. Zaman wata shida a wurin ko a wata gonar kifi ta gaske, lokacin horon sanin makamar aiki na SIWES, ya fi a kai takarda ofis a sa hannu a koma gida.

Ban manta da masu son daji ba, waɗanda tun suna yara suke bin tsuntsu da ido. Hanyarsu tana nan, amma siririya ce. Gandun dajin Yankari, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, yana riƙe da ɗaya daga cikin garkunan giwaye na ƙarshe a ƙasar nan, ƙungiyar kare namun daji ta WCS kuma tana taya gwamnatin Bauchi tsaronsa. Gashaka Gumti shi ne gandun daji mafi girma a ƙasar nan, akwai dausayin Haɗeja da Nguru inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu. Aikin a zahiri sintiri ne da ƙafa, da ɗana kyamarori a bishiya, da zama da manomin da giwa ta tattake wa dawa ana ba shi haƙuri, da sulhu da makiyaya. Wasu dazukan, irin Kamuku a Birnin Gwari, matsalar 'yan bindiga ta sa bincike a cikinsu ya zama kasada. Ƙofar da na fi yarda da ita a nan ita ce cibiyar APLORI da ke Laminga kusa da Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos, mai ba da digiri na biyu a kan kare halittu. Ɗalibai kaɗan take ɗauka a shekara, amma tana fitar da su sun iya lissafin bincike da rubutu, kuma da yawansu sun wuce manyan jami'o'in duniya. Tun kana aji biyu za ka iya shiga aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya da aka fara a 2015, da wayarka kawai. Akwai kuma guraben da ba a cika tunawa da su ba. Dokar 1992 ta wajabta a yi nazarin illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, ko hanya ce ko madatsar ruwa ko ma'adinai, kuma kamfanonin da ke wannan nazari suna hayar mai iya lissafa dabbobin wuri. Filayen jirgin sama ma suna da sashen korar tsuntsaye, don shirwa guda tana iya lalata injin jirgi.

Gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce, mafi yawan masu wannan digiri aji za su shiga, su koyar da bayoloji a sakandare. Ba na cikin masu kallon wannan a matsayin faɗuwa. Makarantunmu cike suke da yaran da suka zana zuciyar kwaɗo a jarrabawa ba su taɓa ganin an feɗe shi ba, kuma malamin da zai ɗauko gwangwanin ruwan kwata ya nuna musu 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil ya yi abin da littafi bai yi ba. Wasu kuma za su tafi banki, ko kwastan, ko tallan magunguna, ko kasuwa, inda ba a tambayar me ka karanta sai dai wane mataki ka fita da shi. Aikin gwamnati, in an samu, a mataki na 08 ake farawa kamar kowane mai digiri.

Abin da ke raba waɗanda suka ci abinci da fannin da waɗanda suka rataye takardar a bango, a iya lurata, yana faruwa ne a aji huɗu, wurin zaɓen aikin bincike na kammala karatu. An saba da hanya mai sauƙi: a je mayanka a ɗebo hanjin awaki, ko a karɓi bayan-gidan 'yan firamare, a ƙirga masu tsutsa, a fitar da kaso cikin ɗari, a ɗaure kundi. An yi irinsa sau ba adadi, kuma ba ya koya wa hannu komai sabo. Ka zaɓi halitta guda ka san ta ciki da bai, har a ce in ana maganar kaska ko koɗi ko tsutsar masara a sashenku, sunanka ake kira. Ka nemi malamin da ke da aiki a hannu, mai fita daji ko ƙauye, ko da an ce yana da tsanani, ka bi shi kana ɗaukar masa akwati. Ka koyi ɗaukar wuri da GPS da zana taswira da QGIS, ka koyi lissafi da R. Duka biyun kyauta ake sauke su a kwamfuta, kuma su ne abin da ake fara tambaya a wurin ganawar ɗaukar aiki. 'Yan mata kada su ɗauka fagen na maza ne. Kamun sauron asuba a cikin ɗakunan matan aure ake yin sa, a gidajen da aka rubuta "ba shiga" a zaure, kuma tawagar da ba ta da mace a bakin ƙofa take tsayawa.

Digiri na biyu kusan dole ne ga mai son cibiyar bincike ko jami'a, kuma ba a yin nisa a can sai da na uku. Amma kada a sake yin zuloji tsurarsa don kawai babu abin yi bayan bautar ƙasa. A tsuke shi: ilimin ƙwari, ilimin tsutsotsin jiki, kiwon kifi, lafiyar al'umma, kare halittu. Tallafin karatu irin na Commonwealth da DAAD ta Jamus, da ƙananan kuɗin bincike na gidauniyar Rufford, duk abu guda suke dubawa bayan sakamako: wace tambaya kake son amsawa, kuma me ka riga ka yi a kanta da hannunka. Tarukan shekara-shekara na ƙungiyar masana ƙwari, da ta masana tsutsotsin jiki da lafiyar al'umma, da FISON ta masana kifi, suna rage wa ɗalibai kuɗin rajista, kuma a irin waɗannan zaurukan ne shugabannin ayyuka ke tsintar mataimaka tun kafin a buga sanarwar gurbi a jarida.